Ranar da Aka Ƙanƙance wa Yaya Haruffa

Ranar Litinin da ta wuce ina cikin layin mai, bayan awa biyu ina tura babur taku ɗai-ɗai har na fara hango famfo da idona, sai wayata ta yi ƙara. Yayata ce. Duk wanda ya san Yaya ya san ba ta kiran mutum a lokacin aiki, ko haihuwa aka yi a dangi sai an tashi take yin barka. Don haka ina ganin sunanta na san ba lafiya ba.

"Auta, kana ina?" Haka take kirana har yau, da furfurata da komai.

"Ina layin mai, Yaya. Saura mutum shida a zo kaina."

"Bar shi ka zo. Sun taɓa mini na'ura."

Muryarta can ƙasa, irin ta wanda ya kare baki da hannu. Maƙwabcina mai gyaran fanka yana bayana a layin, na ce ya taimaka ya riƙa tura mini babur. Ya ce, "Zan tura, amma ka sani ni turawa kawai na ɗauka, ban ɗauki alkawarin mai ba." Ya kuwa yi gaskiya, saura mutum biyu aka ce ya ƙare. Amma ba wannan ne kukana na yau ba.

Bari in gabatar muku da Yaya. Shekara talatin da huɗu tana buga takardu a wani ofis da ba sai na faɗi sunansa ba, don duk kun san irinsa: dogon benci a baranda, fanka mai kukan tsufa, da jami'in da kullum yanzun nan ya fita. Da tafireta ta fara, tun lokacin da in ka yi kuskure ɗaya sai ka sake takardar daga farko. Shugabanni tara ta yi wa aiki, kowanne ya zo da hotonsa ya tafi da shi. Wata takwas suka rage mata ta yi ritaya.

Ga kuma abin da ba a faɗa a ofis ɗin. Shekara biyu ke nan yanar ido ta fara rufe wa Yaya gani. Tabarau ya yi iya yinsa ya gaza. Likita ya ce sai an yi aiki, sai kuma hutu mai ɗan tsawo. To, a ofis ɗinsu akwai wata takarda da ake kira jerin waɗanda za a hutar, kuma mai buga takardu da ta nemi hutun ido ta rubuta sunanta a kai da hannunta. Yaya ta ce ita da ƙafarta ta shiga aikin nan, da ƙafarta za ta fita, ranar da ta cika, ba ranar da wani ya ga dama ba. In ta fita sai a yi aikin idon.

Ni kuwa a danginmu ni ne injiniya. Na samu wannan muƙami ne tun ranar da na gyara rimot ɗin talabijin ta hanyar canza masa batir. Sana'ata ta gaskiya sayar da kayan gyaran babur ce. Amma da wannan ilimi nawa na je ofis ɗin Yaya wata rana bayan an tashi, na shiga saitin kwamfutarta na ƙara wa haruffa girma, na mai da kibiyar linzami, wadda ake nuni da ita a fuskar kwamfuta, ƙatuwa baƙa ƙirin, na saita kowace wasiƙa ta riƙa buɗewa a manhajar rubutun da ta saba da ita, takarda kuma ta riƙa fitowa ta firintar da ke gefen gwiwar hannunta. Ita kuma ta juya teburinta, fuskar kwamfutar ta koma kallon bango. Yatsunta dama ba sa neman izinin ido. Shekara biyu ana yabon aikinta, ba wanda ya ce uffan.

Sai Allah ya kawo sabon shugaba, wanda za mu kira Yallaɓai na Bene, Uban Sabuntawa, Mai Hangen Gobe Tun Jiya. Kun san kowane sabon shugaba sai ya sabunta wani abu, in ba haka ba yaya za a san ya zo? Na gabansa labulaye ya sabunta. Na gaban wancan lambobin ƙofofi ya canza, aka shekara masu neman ofishin hatimi suna ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki da sallama. Shi wannan, da yake ɗan zamani ne, kwamfutoci ya sa a gaba. Aka yi amfani da hutun ƙarshen mako aka sabunta manhajar kowace na'ura a ginin. Aka kuma fitar da takardar umarni: daga yau duk kwamfutocin ofis kamanninsu ɗaya, ba mai taɓa saiti, wanda yake da buƙata ya cike fom.

Na ga fom ɗin. Layi na huɗu cewa ya yi: Dalili. Nan ne Yaya ba ta da abin rubutawa.

Ni fa ban ƙi sabuntawa ba, kada a ji ni a wani wuri. Abin da na lura da shi kawai shi ne halinta da na manyanmu ɗaya ne sak. Ba ka kira ta ba za ta zo. Za ta ce don amfaninka ne. Za ta ce ka ɗan jira kada ka kashe komai, ta hau ƙirga, ta kai casa'in da tara cikin ɗari ta nemi wuri ta zauna. In ta gama, duk abin da ka shekara kana jerawa daidai hannunka ta kwashe ta mai da shi inda ita take ganin ya fi kyau, sannan ta rubuto maka barka da zuwa a cikin ɗakinka. Ka nemi maɓallin da aka rubuta a'a, ba za ka samu ba. Yanzu ne ko an jima, zaɓin ke nan, kuma an jiman ma ita ke yanke lokacinsa.

Na isa ofis wajen goma da rabi. Tsohon masinjansu, wanda kowa ke ce wa Baba Masinja, yana kan kujerarsa a bakin ƙofa. Ya amsa gaisuwata ya nuna mini ciki da haɓa.

Yaya tana zaune ƙyam, baya a miƙe, hannuwa a kan madannai kamar mai aiki, amma ba abin da take bugawa. A gefenta fayil mai wasiƙu goma sha biyu, duk ana son su kafin ƙarfe ɗaya. Na zagaya na leƙa fuskar kwamfutar. Haruffa sun koma kamar ƙananan tururuwa, ni mai lafiyar ido ma sai da na matsa. Kibiyar linzami ta zama 'yar siririya fara a kan farin shafi, sai ka yi ta kaɗa hannu kafin ka gano inda ta ɓuya. Na danna wasiƙa ɗaya, maimakon manhajar rubutu sai ta buɗe a manhajar shiga intanet, inda za ka kalli takarda amma ba ka isa ka ƙara mata ko ɗigo ba.

"Tun yaushe kike zaune haka?"

"Tun takwas," in ji ta. "Mutum uku sun leƙo, na ce musu kwamfutar tana lodi."

Ta faɗa tana murmushi, amma gaskiya abin ya taɓa ni.

Ban kai ga zama ba sai ga jami'in kula da na'urori ya shigo, wani mai igiyar katin shaida har biyu a wuya. Sunan da ma'aikata suka sa masa Malam Kashe-Kunna, don duk ciwon da kwamfuta ta zo da shi maganinsa ɗaya ne. Na yi maza na ja baya na ɗauki fuskar ɗan'uwan da ya kawo maganar gida.

"Mama, ya sabon tsari?" in ji shi.

"Mun gode Allah."

"Kin ga yadda komai ya yi tsaf-tsaf? Yanzu shafi ɗaya yana ɗaukar abin da da sai shafi uku. Haka ake yi a duk duniya."

"Na gani," in ji Yaya, tana kallon wajen da take zaton shafin yake.

"In wani abu ya ba ki matsala ki kashe ki kunna. In ya ƙi, akwai fom."

Yana fita Baba Masinja ya jawo kujerarsa ya tare ƙofa, ya buɗe wata tsohuwar jarida. Ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Auta, yi abin da ya kawo ka. Ni ban ga komai ba. Shekara biyu ke nan ban ga komai ba." Ashe shi ke tsayawa kusa da ita kullum yana karanto rubutun hannun shugabanni da ƙarfi, da sunan yana mitar muninsa, ita kuma tana bugawa. Ni ina can ina taƙama ni kaɗai ne mai rufa mata asiri.

Na zauna. Abin da na yi cikin minti biyar shekara biyu da suka wuce, ranar sai da ya ci mini rabin awa, don shi kansa wurin saitin sun ɗauke shi daga inda na bar shi. Na shiga nan ya ce ba nan ba ne, na shiga can ya turo ni wani wuri, daidai yadda ake yi wa mai neman fayil ɗinsa a ginin. Da ƙyar na gano jerin da ake zaɓar wace manhaja ce za ta riƙa buɗe wane irin abu. Na zaɓi tsohuwar manhajar rubutun Yaya. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ta ce wadda ita ta zaɓa mini ta fi sauri da tsaro, ko zan ƙara ba ta dama. Na ce mun gode, an gwada. Sannan ta yarda, amma ga irin wasiƙa ɗaya kawai, sauran sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ana sake yi mini wannan nasiha.

Daga nan na koma kan haruffa na ja su har suka cika ido, na dawo da kibiya baƙa ƙatuwa. Yaya ta matso, na ji ta sauke numfashi.

Da a nan na tsaya, da ba ku ji wannan labari ba. Amma injiniya ba ya tashi sai ya gwada aikinsa. Na buɗe sabon shafi na rubuta da haruffa mafi girma da na samu: YAYA, YANZU KINA GANI? Na danna a buga. Firintar gefenta ko tari ba ta yi ba. Na sake dannawa. Shiru. Na ƙara sau biyu, don a iliminmu na injiniyoyi in abu ya ƙi sau ɗaya sai a matsa masa.

Baba Masinja ya sauke jarida ya karkata kunne wajen matakala. Ya ce, "Ina jin na'ura tana aman takarda a sama."

Ashe sabuntawa ba ta bar firinta ba. Ta ɗaure kowace kwamfuta a ginin ga firintar da ta fara gani a jeri, kuma wace ce za ta zo ta farko in ba ta Yallaɓai ba? Ni da aka kira in rufa asiri, na aika da shi bene har kwafi huɗu.

Na ce, "Yaya, bari in mai da komai ƙanana kafin a sauko."

Ta dafa hannuna. "Bar shi. Na gaji da kallon abin da ba na gani."

Muka ji taku a matakala, taku mai nauyi na wanda ba a saba sa shi saukowa ba. Yallaɓai ya shigo cikin ƙamshin turare, takardu huɗu a hannu, Malam Kashe-Kunna yana biye da shi.

"Wa ya aiko mini da wannan?"

Na buɗe baki, Yaya ta riga ni. Ta miƙe tsaye ta ce, "Daga na'urata ne, ranka ya daɗe."

Ya zagayo teburin, abin da ba shugaban da ya taɓa yi, ya tsaya a gaban kwamfutar. Wasiƙar da na danna ɗazu tana buɗe, kowane harafi kamar a kama shi da hannu. Malam Kashe-Kunna ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Yallaɓai, an saɓa wa umarni. Wannan ba saitinmu ba ne, kuma ban ga fom ba."

"Je ka duba mini na'urar ɗakin taro," in ji Yallaɓai.

"Lafiyarta ƙalau, Yallaɓai."

"To ka kashe ta ka kunna."

Ya fita. Baba Masinja ya ja ƙofa daga waje. Yallaɓai ya ci gaba da kallon kwamfutar, yana tsaye a miƙe, bai sunkuya ba. Na ga leɓɓansa suna motsi. Ya karanta layin farko, ya karanta na biyu, har ya kai ƙasan shafi, da wata irin natsuwa ta wanda ya daɗe bai yi haka ba.

"Wannan bawan Allah fa?"

"Ƙanena ne, ranka ya daɗe."

"Ɗan kwangila ne?"

Na ce, "A'a, Yallaɓai, kayan babur nake sayarwa."

Ya gyara murya, ya ninke takardun huɗu ya sa a aljihu. "Wannan tsari ya saɓa wa umarni," in ji shi. "Saboda haka ina so a gwada shi a ofishina, don hukuma ta tantance girman illarsa. Biyo ni."

Ofishin Yallaɓai ya kai girman shagona sau uku. Kwamfutarsa sabuwa fil, amma an juya ta gefe an ɗora mata fayil a kan madannai. A kan tebur akwai tabarau biyu, ga kuma wani gilashin ƙara girman rubutu mai mariƙi da ya leƙo daga ƙarƙashin takardu. Ni ma, da yake na samu horo daga Baba Masinja, ban ga komai ba. Cikin minti uku na gama, don yanzu hannuna ya san hanya.

Ya zauna, ya jingina da kujera, ya dubi allon kwamfutar daga nesa. Ya ce, "To. Illar ba ta kai yadda ake tsoro ba."

Na ce Allah ya ƙara wa hukuma basira. Har na kai ƙofa ya tsai da ni.

"Yayar taka saura wata nawa?"

"Takwas, ranka ya daɗe."

Ya juya ɗaya daga cikin tabaran a hannu. "Ba yawa," in ji shi, ya koma kan allonsa.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai yi godiya ba, ni ma ban sa rai ba, manya ba sa gode wa gwaji. Na sauko na gyara maganar firinta, wannan karon na gwada da farar takarda mai ɗigo ɗaya. Wasiƙu goma sha biyu suka hau bene ƙarfe ɗaya saura kwata, ba kuskure ko ɗaya.

Kada ku ɗauka an janye umarni. Washegari aka fitar da na biyu, mai jaddada na farko, da gargaɗin cewa duk wanda aka kama ya taɓa saiti zai fuskanci ladabtarwa. Yaya ce ta buga shi da manyan haruffanta, Yallaɓai ya duba shi da nasa manyan haruffan ya sa hannu. An kuma kafa kwamiti mai mutum bakwai da zai binciki yadda takardu ke fitowa a inda ba a aike su ba, Malam Kashe-Kunna ne sakatare. Ina yi musu fatan alheri.

Sai dai Yaya ba ta yarda ta rataya wata takwas ɗinta a kan shirun mutum ɗaya ba. An ce sabuntawar nan kusan duk wata za ta riƙa zuwa, kuma ba kullum zan bar layin mai ba. Ranar Laraba bayan an tashi ta sa na dawo, ta ce in koya mata hanyar saitin da madannai kawai, ba linzami. Na mai da komai ƙanana, na nuna mata: wannan maɓalli, sai wannan, ƙasa sau huɗu, shiga, dama sau uku. Ta rufe ido gaba ɗaya ta gwada. Na farko ta ɓata ta faɗa wajen saita agogo. Na biyu ta tsaya a tsakiya. Na kama yatsanta na ɗora a kan maɓallin da ya dace, sai na tuna haka ta riƙa kama nawa tana bi da shi a kan haruffa lokacin da aka sa ni makaranta.

A na uku ta kai. Ta buɗe ido, haruffa sun dawo manya.

"Shi ke nan," in ji ta. "Su yi ta sabuntawa. Tashi mu tafi, kada a rufe da mu."

Na san wasunku za su ce, Auta, kai da aka ce ka rufa asiri ga shi ka baza shi a jarida. Ku kwantar da hankalinku. Ku dubi girman haruffan da ake buga wannan fili da su. Yallaɓai ba zai iya karanta shi ba, kuma ba zai so wani ya karanto masa ba. Ita kuwa Yaya, wadda da ita ce mai fara karanta ni ta kira ta gyara mini kuskure, shekara biyu ke nan ni nake zama in karanto mata. Na wannan makon zan ce mata kan tsadar mai na yi.